Kullen da Bai Ci Wuri Ba

A shekarata ta ƙarshe a makarantar da na yi karatun kwamfuta a Kaura Namoda, aka ce kowa ya kawo batun furojet ɗinsa. Yawancin 'yan ajinmu suka ɗauki abin da aka saba: shirin rajistar ɗalibai, shirin ajiye bayanan marasa lafiya, shirin kama ɗaki a otal. Ni kuwa na kai batun rage girman kulle a cikin kanel. Ba jarumta ce ta sa ni ba. Na lura ne cewa duk sauran batutuwan sai mutum ya je wani ofishi ya yi wa ma'aikata tambayoyi, ni kuma na gwammace in kwana biyu ina fama da littafi mai kauri da in tsaya gaban sakatare in ce na zo neman bayani.

Kanel shi ne ɓangaren manhaja da ke can ƙasa, wanda mai amfani da kwamfuta ba ya gani. Shi ke raba wa shirye-shirye lokaci, shi ke raba musu wuri a memori, wato inda suke ajiye bayanansu yayin aiki. Idan kwamfuta tana da ƙwaƙwalwa, wato ɓangaren da ke yin lissafi, fiye da ɗaya, sai ka ga biyu sun kai hannu kan abu guda a lokaci guda, wannan tana rubutawa waccan tana gogewa. Shi ya sa ake sa kulle: wadda ta riga ta riƙe, sauran su jira. Akwai babban kulle, wanda ke kwantar da mai jira a layi har a tashe shi. Wannan yana cin wuri, domin sai an tanadi inda za a rubuta wa ke riƙe da shi da kuma su wa ke layi. Akwai kuma ƙarami, wanda mai jira ke tsayawa a kansa yana ta leƙawa ko an saki. Littafin da na samu a laburare ya ce ƙaramin yana cin bayit huɗu, wato wurin haruffa huɗu. Wannan ba kome ba ne, sai dai kanel yana liƙa irin kullen nan a jikin abubuwa masu ɗimbin yawa, to in aka tara sai ya zama wuri. Ni kuma na ƙudura zan mai da huɗun nan ɗaya.

Babanmu manomi ne a Banga. A gidanmu ba a ɗauke wa namiji mai lafiya noman damina sai da babban dalili, kuma an yi shekaru ana ɗauke mini rabi saboda boko. A wannan shekarar Baba ya tara yayyena ya ce a ɗauke mini gaba ɗaya, tunda ita ce ta ƙarshe. Ya juyo ya dube ni ya sake cewa ita ce ta ƙarshe, ko da na ji ta farko ban gane ba. Aka raba kunyoyin geron da ya kamata in nome a tsakaninsu. Duk ranar da na je gida ba wanda ke ce mini kome, sai dai in mun gaisa su ɗan daɗe suna riƙe da hannuna, don in ji kantar da ke tafinsu. Na san in na maimaita shekara, ba ni da bakin da zan nemi wata daminar.

Kwamfutar da na yi aikin da ita ta babban yayanmu ce, mai sana'ar hatsi a Shinkafi. Ya same ta a hannun wani abokin cinikinsa da ke zuwa daga tsallaken iyaka, don haka haruffanta a jere suke irin na masu Faransanci, in ka nufi wannan harafi sai wancan ya fito. Tsohuwa ce ƙwarai, ƙwaƙwalwarta ɗaya tak, batirinta kuwa ba ya kai ka daga alwala zuwa sallame salla. Yaya yana sauraren wa'azi da ita a shago. Da zai ba ni ya goge ta da hannun riga ya ce, “Ɗan boko, ga ta nan. In ka goge min karatun da ke ciki, kar ka biyo ta Shinkafi.”

Malamin da aka ba duba aikina mutumin kirki ne mai yawan hidima. Ya karɓi batun nan take. Daga baya na gane abin da ya burge shi: sunan aikin yana da tsawo, kuma babu kowa a sashen da zai iya tsare shi da tambaya a kansa. In na kai masa babi, yakan duba faɗin gefen takarda da tazarar layuka, ya karanta shafin farko da na ƙarshe, ya ce aiki yana kyau, in ƙara ƙoƙari.

Kafin mutum ya gwada wani gyara a kanel, sai ya harhaɗa shi daga tushe, wato ya sa kwamfuta ta juya rubutunsa zuwa abin da inji ke ganewa, kuma kafin nan sai ya amsa dogon jerin tambayoyi game da injinsa. Mutane da yawa sukan bar amsoshin yadda suka same su. Ni ban iya haka ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, duk abin da kwamfutar Yaya ba ta da shi na ce a cire, don aikin ya yi sauƙi. Da na zo kan tambayar ko injin yana da ƙwaƙwalwa fiye da ɗaya, na kifa kwamfutar na duba takardar da ke manne a ƙarƙashinta, na sake dubawa ta ciki, sannan na amsa gaskiya: a'a.

A lokacin an rufe layukan waya a yankinmu saboda halin tsaro, babu intanet, babu wanda zan tambaya ko da ina da ƙarfin halin tambaya. Abin da na sauke tun kafin rufewar shi ke nan gare ni, sai littafin laburare. Wuta kuma sai ta ga dama. Don haka nakan ɗauki kwamfutar da safe in kai shagon cajin waya kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda janareta ke aiki yini guda. In na sa ta harhaɗawa da hantsi, ba ta gamawa sai bayan la'asar. Nakan ɗora ta kan bulo biyu don iska ta shiga ƙasanta, in zauna a benci ina kallon rubutu yana gudu a allo, masu karɓar waya suna tambayar mai shago ko wannan bawan Allah lafiya yake.

A haka na rubuta nawa kullen mai bayit ɗaya. Na yi ta gyara shi a takarda kafin in buga, na sa bayani a kan kowane layi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ko sau ɗaya kwamfutar ba ta yi ƙorafi a kansa ba. 'Yan ajinmu suna ta kuka da jan rubutun kuskure, nawa kuwa yana wucewa sumul. Na ɗauka ladan natsuwa ne.

Ranar da na auna, sai na ga abin da ban nema ba. Na kwatanta girman abubuwan da ke ɗauke da kullen da adadin da littafi ya bayar, na ga ba bayit uku suka ragu ba, huɗun ne gaba ɗaya suka tafi. Na auna kullen shi kaɗai, inji ya ce sifili. Na gwada sauri, babu abin da ya ragu. Na cika ta da aiki, ba ta ko tsaya ba.

Na kai wa Malam. Wannan karon ya karanta tsakiyar babin. Ya cire tabarau ya tambaye ni ko wannan yana nufin turawan da suka rubuta abin suna ɓarnar bayit huɗu tun fil azal, sai ga ɗan Banga ya zo ya hana. Na ce da murya ƙasa-ƙasa ni ma abin yana damuna, domin bayit ɗaya na rubuta, ban san inda ya shiga ba. Ya ce wannan ita ce matsalar ɗalibai, in sakamako ya yi muni su yi kuka, in ya yi kyau su shiga neman aibinsa. Ya ce in ina shakka in sake aunawa. Na koma na sake, na kuma sake, har mai shagon caji ya daina karɓar gaisuwata da fara'a. Kullum sifili. Duk a kan kwamfutar Yaya, tunda ita ce gare ni.

Malam ya kai labarin wurin shugaban sashe, shugaban sashe ya faɗa a taron malamai. Mutanen da ba su taɓa sanin ina ajin ba suka fara gaishe ni a baranda. Na koma bin bayan ɗakin gwaji in zan shiga aji.

Da ranar kare furojet ta matso, Malam ya ce kada in kuskura in kawo wannan tsohuwar gaban baƙon da zai zo jarraba mu, aiki mai daraja yana son inji mai daraja. Ya sa wata 'yar ajinmu, 'yar Zurmi, ta ara mini tata. Ita ce ta fi kowa iya rubuta kod, wato rubutun shirin kwamfuta, a ajin, kuma tun da maganar sifili ta fito take kirana Shehi. Kwamfutarta sabuwa ce, ƙwaƙwalwa huɗu. Ta ce ba za ta bar mini ita in tafi da ita ba, sai dai in yi a gabanta. Muka zauna a barandar sashe bayan azahar, na kawo aikina a filas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a kwafi fayil.

Na bi tambayoyin nan kamar yadda na saba. Da na zo kan ta ƙwaƙwalwa, na sake amsa gaskiya: e. Na sa ta harhaɗawa, na gyara zama irin na mai jiran la'asar. Ba a jima ba ta tsaya cak, allo ya cika da jan rubutu. Duk kurakuran a fayil ɗaya suke, nawa.

Ta leƙo ta karanta. Ta ce, “Shehi, wanga kod an taɓa harhaɗa shi kuwa?”

Na ce ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba.

Ta ce, “To ita dai ta ce yau ta fara ganin shi.”

Na buɗe fayil ɗin na hau sama, sama da inda na fara rubutuna, wurin da ban taɓa tsayawa na karanta ba don ba ni na rubuta ba. Akwai layi guda da ke cewa abin da ke biye sai in inji yana da ƙwaƙwalwa fiye da ɗaya za a ɗauka. Duk aikina a ƙarƙashin wannan layin yake. Can ƙasa kuma akwai abin da ake ɗauka in ƙwaƙwalwar ɗaya ce: sunan kullen kawai, babu kome a cikinsa. Masu kanel ɗin sun riga sun yi lissafin cewa wanda yake shi kaɗai ba ya rububi da kowa, don haka ba sai an ba shi kulle ba. Tun ranar da na amsa a'a, kwamfutar Yaya take tsallake rubutuna, kullum, daga hantsi zuwa la'asar, ni kuma ina zaune a benci ina jin daɗin ba ta ga kuskure ba.

Na yi mata bayani. Ta rufe baki da gefen hijabi, kafaɗunta suna rawa. Da ta samu numfashi ta ce wato wata da watanni ina auna ƙyauren da ba a kafa ba, kuma ina samun amsa daidai. Sannan ta daina dariya, ta tambaye ni me zan gaya wa Malam. Na ce sai na fara ganin abin da kullen zai yi in ya samu ya yi aiki.

Muka yi kwanaki muna haɗuwa a barandar. Na gyara kurakuran. Gwajin farko, kwamfutar ta daskare, fankarta ta hau kuka, ƙwaƙwalen nan huɗu kowacce ta tsaya tana jiran kullen da ba wanda zai saki. Mai ita ta harɗe hannu ta ce nata furojet ɗin yana ciki, kuma in wani abu ya same shi, mutanen Zurmi sun san hanyar Banga. Na gano inda na yi kuskure na gyara, daga nan ya tashi ya yi aiki.

Sai na auna na gaskiya. Kullen bayit ɗaya ne, yadda na rubuta. Amma yawancin abubuwan da ke ɗauke da shi girmansu bai canza ba ko kaɗan, domin inji yana son kayansa a jere bisa ma'auni, in ka rage uku sai ya cike gurbin da wofi don na gaba ya zauna daidai. Bayit ukun da na ƙwato suna nan inda suke, ba mai amfani da su. Ga kuma abin da na rasa. A cikin huɗun nan da na raina ne ake ajiye alamar wa ke gaba wa ke baya a wurin jira. Da na cire ta, sai jira ya koma wawaso: da an saki, duk su afka, wadda ta fi kusa ta sake ɗauka, wata kuma ta yi ta tsayuwa. In aiki ya yi yawa, nawa kullen ya fi na asali jinkiri. A taƙaice na gina abin da bai rage wuri ba, ya kuma ƙara jinkiri, kuma wannan karon na tabbata da shi.

Na sami Malam a ofis yana ɓare gyaɗa. Na tsaya bakin ƙofa har sai da ya ce in shigo ko in tafi. Ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba, sannan ya kaɗe ɓawon daga rigarsa.

“Sifilin nan ƙarya ne?”

“A'a, Malam.”

“Kai ka ƙirƙire shi?”

“A'a, inji ne ya bayar. Sai dai ba aikina ba ne ya…”

“To mi kake so da ni?”

Ya bayyana mini yadda abin yake, ba da faɗa ba. Kwamiti ya riga ya amince da sunan aikin, an aika wa baƙon taƙaitaccen bayaninsa da sifilin a ciki. Canza batu sai kwamiti ya sake zama, kwamiti kuma ba ya zama sai sabon zango, wato in maimaita shekara. Ya ce in tuna da mahaifina. Na ce ina tunawa da shi. Na tambaya ko zan iya barin babi biyar ɗin yadda suke in ƙara na shida, in faɗi abin da na gano. Ya ce takarda tawa ce, tawada tawa ce. Da zan fita ya ƙara da cewa, “In an tambaye ka, ka amsa. In ba a tambaye ka ba, ka yi shiru. Ai shirun ba baƙonka ba ne.”

Na rubuta babi na shida. Shi ne mafi tsawo, kuma shi kaɗai ne na rubuta ina sane da abin da nake faɗa.

Ranar karewa baƙon ya iso da hantsi, dattijo ne mai furfura daga wata makaranta. Tun da ya zauna yake duba agogo, domin yana son ya kama hanya da sauran rana, kowa ya san ba a bin hanyar nan da yamma. Ɗalibai suna shiga suna fita kamar masu karɓar allura. Wanda ya yi shirin otal ya fito yana murna, ba a ko ce ya kunna ba. Na fara sa rai ni ma za a sallame ni a kan faɗin gefen takarda.

Da na shiga, dattijon ya ɗaga aikina ya jinjina nauyinsa, ya buɗe shafin da ke jera babobi, ya bi da yatsa. Yatsan ya tsaya.

“Wa ya ba ka izinin babi na shida?”

Malam ya dubi silin. Shugaban sashe ya dubi Malam. An tambaye ni, don haka na amsa. Na fara da muryar da ni kaina ba na ji, har dattijon ya ce in ɗaga, ba sirri muke yi ba. Na faɗi tambayar da na amsa a'a, da layin da ban karanta ba, da kullen da babu kome a cikinsa. Na faɗi bayit ukun da inji ya cike da wofi, da wawason da ya maye gurbin layi. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, amma na lura ya daina duba agogo. Ya yi mini tambayoyi biyu, duk a kan babi na shida, kuma na san amsarsu. Shugaban sashe ya yi gyaran murya ya ce yana fatan wannan bai shafi sakamakon da ke babi na huɗu ba, wanda sashe ya riga ya yi alfahari da shi. Dattijon ya ce sakamakon yana nan daram, duk wanda ya auna abin da babu, haka zai samu.

Aka ce in jira a waje. Na tsaya a baranda ina lissafin yadda zan shiga Banga in ce a sake raba kunyoyi. 'Yar Zurmi ta zo ta tsaya nesa kaɗan, ba ta kira ni Shehi ba, abin da ya ƙara tayar mini da hankali.

Da aka mai da ni ciki, shugaban sashe ya karanta hukunci. Na ci, da maki na tsaka-tsaki, bisa sharaɗin gyara. Tsarin makaranta babi biyar ne, don haka a cire na shida. In akwai wani abu mai amfani a cikinsa, a sa shi ƙarƙashin iyakokin bincike, kada ya wuce rabin shafi. Dattijon ya riga ya miƙe yana tattara takardunsa. A bakin ƙofa ya ɗan rage tafiya ya ce mini, ba tare da ya juyo sosai ba, “Na shidan ne aikin. Amma ba ni na tsara dokar ba.” Ya wuce wurin motarsa.

Mako guda na yi ina matse babin. Na zubar da jadawalin awo, na zubar da zanen da ke nuna yadda ƙwaƙwalen ke wawaso, na bar jimlolin da in aka cire ɗaya sauran za su zama ƙarya. Na kai wa Malam. Ya ɗora tafin hannunsa a kan shafin ya auna, ya ce ya wuce rabi da layi biyu. Na nemi in rage girman haruffa, ya ce wannan ma doka ta hana. Na karɓi bironsa na tsaya a gefen tebur ina karantawa, na soke jimlar da ke cewa kullen ya daskarar da kwamfuta a gwajin farko, tunda wannan dai na gyara shi. Ya sake ɗora tafinsa, ya ga ya shiga. Ya sa hannu, ya ce in na je gida in gaida Baba.